Golmon Injiniya Dominic

Wata uku cur Dominic ya yi a Kaduna yana koyon kwamfuta a shagon wani, ya dawo Zuru da jakar goyo, da farin tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da sabon suna da ya raɗa wa kansa a mota: Injiniya. Takardar shaidar kammalawa kuwa babu wanda ya taɓa sa ta a ido. In an tambaya sai ya ce tana wajen buga hatimi. Abin da ya dawo da shi mai yawa dai shi ne baki. Kai, Dominic akwai baki!

A ilminsa, mutanen duniya kashi uku ne, kuma ba da yare ko addini ake raba su ba, da irin babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutarsu ake rabawa. Majalisarsa shagon Obiora ce, mai buga takardu da katin biki a bakin kasuwa, domin a can akwai benci, akwai fanka, kuma ba a korar mutum.

"Mai Windos," in ji Dominic yana kaɗa ƙafa a bencin mutane, "ma'aikacin gwamnati ne ko da bai taɓa shiga ofis ba. Kwamfuta ta ce ya jira, ya jira. Ta ce ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Ran da ta ce ya yi tsallen kwaɗo ma, wallahi zai yi."

Obiora bai ɗago daga aikinsa ba. "Injiniya, wannan Windos da kake zagi, shi ya sayi fankan da yake busa maka iska. Tun safe ni ina buga aiki. Kai mene ka buga?"

"Ni ba na buga takarda, Oga Obiora. Tunani nake bugawa."

Ana haka sai ga Mama Magdalene ta shigo, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, rungume da siririyar kwamfutarta mai hoton tuffa a baya. Ta zo a buga mata katin gayyata. Dominic ya gaishe ta har da rusunawa, sannan ya juya wajen Obiora ya rage murya, irin ragewar da har mai sayar da rake a waje yana ji.

"Ga kashi na biyu. Mai Mak ba aiki ya saya ba, tuffar nan da aka gutsura ya saya. Ko a ina ya zauna sai ya juya bayanta wajen jama'a. Ka tambaye shi ina takardarsa take a ciki, sai ya ce maka ai tana da kyau."

"Ɗana," in ji Mama Magdalene, "ni 'yata ce ta aiko min daga Legas. In na kunna ta yi, in na kashe ta mutu. In wannan ne rashin ilmi, Allah ya ƙara min shi."

"To ku fa?" in ji Obiora. "Ku su waye?"

Dominic ya gyara tabarau. Dama tambayar da yake jira ke nan tun safe.

"Mu 'yan Linuks sojoji ne. Baƙin allo, farin rubutu. Ba ma danna hotuna kamar 'yan firamare, umarni muke bayarwa, kwamfuta ta ƙame ta sara mana. A duk Zuru in ka cire ni, sai dai ka tafi Kaduna."

Gaskiyar maganar kuwa, sau ɗaya tak ya taɓa ganin ana ɗora Linuks a kan kwamfuta, shi ma ta bayan kafaɗar ogansa, yana ɓare gyaɗa.

To, katin da Mama Magdalene ta kawo na mijin marigayiya yayarta ne, Sajan Haggai, wanda zai yi bikin godiya na cika shekara saba'in ranar Asabar a zauren coci. Kuma wannan Sajan shi ne uban Keziah, malamar makaranta, wadda Dominic ya shekara yana nema. Keziah na son sa, ba ƙarya, don yana sa ta dariya har ta riƙe ciki. Abin da ya rage shi ne amincewar tsoho.

Ranar Talata Sajan ya aika a kira Dominic. Ya same shi a gindin mangwaro yana wasa fartanya da dutse, zaune a miƙe kamar har yanzu ana fareti.

"Dominic, ka san golmo?"

"Na sani, Baba. Na tarihi."

"Ba na tarihi ba ne a gidana. Ubana shekara bakwai ya yi yana noma wa surukinsa kafin a ba shi uwata. Ni na yi uku kafin in shiga soja, na dawo na cika. Kai zamani ya sauƙaƙa maka. Damina ɗaya nake so. Gonata ta gindin dutse, daga shuka zuwa girbi. Ka yi, ka turo manyanka."

Dominic ya dubi tafin hannunsa, laushi kamar na jariri. Ya dubi fartanya. Nan take basira ta sauko masa, irin basirar da gara a ce ba ta zo ba.

"Baba, in an duba da kyau, golmo ai aiki ne da saurayi ke yi wa uban yarinya da abin da ya fi iyawa. Kakanninmu fartanya suka iya, suka yi da fartanya. Ni kwamfuta na iya. Na ji an ce taka tana ba ka wahala."

Sajan ya ajiye fartanyar. Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata tsohuwar laftof naɗe a cikin zanen zumuntar matan coci. Ya warware a hankali.

"Ɗana Justice ya bar min ita kafin a tura shi gabas. Hotunana na soja duka ya zuba a ciki, daga ranar da aka aske min kai a Zariya har Laberiya. Na takardar gara ta cinye su. Sannan akwai waƙar Rachel." Ya ɗan dakata. "Uwar Keziah. Ita ce ke ba da waƙa a zumunta. Justice ya ɗauki muryarta wata biyu kafin ta rasu. Babu ita a ko'ina sai a nan. Ina so ranar Asabar abokaina su ga hotuna a bango, su ji muryarta a lasifika. Amma abar nan sai an dafa shayi an shanye kafin ta buɗe ido, in ta buɗe ma sai ta riƙa sandarewa."

"Windos ce, Baba. Haka suke, su da masu su." Ya tuna da wa yake magana, ya yi sauri ya ƙara, "Ban da manyan sojoji."

"In ranar Asabar hotuna suka fito, Rachel ta yi waƙa ba gargada, na yafe maka gona. Ka ji?"

"An gama, Baba! Ka ɗauka an yi an wuce."

Laraba da hantsi, Keziah na makaranta, Dominic ya iso da filas ɗin kwamfuta mai ɗauke da Linuks a rataye a wuya kamar lambar yabo. Ya baje a barandar Sajan, ya soka filas, ya fara danne-danne yana huci da ƙwarewa. Sajan na gefe yana kallo, nasa tabarau na gaskiya yana can cikin ɗaki a kan Littafi.

Can sai rubutu ya fito da Turanci, ɓaro-ɓaro: a ɗora sabuwar manhajar kusa da tsohuwar, ko a goge duk abin da ke ciki a ɗora ta ita kaɗai? Dominic ya ga kalmar "kusa da tsohuwar" ya yamutsa fuska. Shi Injiniya guda, ya bar Linuks ta zauna ɗaki ɗaya da Windos? Ya zaɓi na biyun. Kwamfutar ta sake fito da gargaɗi, wannan karon har da jan rubutu.

"Me take cewa?" in ji Sajan.

"Cewa take a yi sharar gona kafin shuka, Baba."

"To, wannan gaskiya ne. Ba a shuka a kan kara." Tsohon ya gyaɗa kai, sai kuma ya ɗan karkato. "Gona dai ko? Ba rumbu ba?"

"Gona, Baba. Rumbu na nan daram."

Ya danna.

Kafin azahar an gama. Aka kunna, kafin Sajan ya gyara zama ta buɗe tar. Dominic ya riga ya sa hoton tsuntsun nan baƙi da fari, tambarin 'yan Linuks, ya cika allon.

"Ikon Allah!" in ji Sajan. "Wannan wace irin agwagwa ce mai tsayuwar fareti?"

"Kwamandanmu ne, Baba."

"Madalla. Nuna min hotona na Zariya."

Dominic ya buɗe wajen hotuna. Fayau. Ya buɗe wajen waƙoƙi. Fayau. Ya buɗe wajen takardu, ya rufe, ya sake buɗewa, wai ko idonsa ne.

"Suna hutawa, Baba. Sabon gida ne, sai sun saba. Bari in tafi da ita gida in yi mata saiti na ƙarshe."

Ranar Alhamis bai ci tuwo ba, bai sha kunu ba. Ya bincika sama, ya bincika ƙasa. Da abin ya ƙi, sai ya yanke shawarar sake ɗora manhajar daga farko, wai ko hotunan sun maƙale a ƙarƙashi ne, in an sake za su taso. Ba su taso ba. Ya sake ɗorawa karo na uku, wannan karon da addu'a. Agwagwa ta fito tana kallonsa, ba ta ce komai ba.

Da la'asar ya zagaya ta ƙofar baya ta shagon Obiora, shi da kullum ta gaba yake shiga da sallama mai ƙarfi.

"Oga Obiora, tambaya ce ta ilmi. A ce wani abokina ya goge kwamfutar wani babban mutum bisa kuskure..."

"Wannan abokin naka yana sa farin tabarau?"

"Ba ka san shi ba. Ɗan Kanya ne."

"To ka gaya wa ɗan Kanya, ni mai Windos ne, ban san komai ba sai kashe da kunna. Amma ya daina taɓa ta, ya kai wa wanda ya sani. Kuma ya je ya faɗa wa babban mutumin gaskiya yau, ba gobe ba."

"Wanda ya sani? A Zuru? Bayan ni?"

Obiora ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya koma kan katin da yake yankawa.

Daga nan ya nufi gidan Mama Magdalene, wai ya zo gwada ingancin sautin Mak don wani bincike da yake yi. Ko tana da kwafin waƙar marigayiya a ciki?

"Wayyo, ɗana, kullum ina cewa zan kwafa, ban samu zama ba. Amma ga ta, duba abin da za ka duba."

Ya karɓi kwamfutar da ya gama zagin masu ita, ya rasa ko ina ake rufe abu a cikinta. Ya danna nan, ya danna can. Sai ga ƙara, sai ga fuskar wata mata ta cika allon daga Legas, da cokali a hannu.

"Mama? Lafiya? Wane ne wannan mai gumi haka?"

"Injiniya ne, 'yata, bincike yake yi."

Dominic ya ajiye ta a kujera kamar ta ƙona shi, ya yi sallama a tsaye.

Mai hankali a nan zai je ya durƙusa gaban tsoho. Dominic kuwa ranar Juma'a sai ya farka da sabuwar dabara, har yana yi wa kansa murmushi a madubi. Soja ai soja ne. Kaki ɗaya, hula ɗaya. Tsofaffin nan rabinsu ba sa ganin bango daga kujerarsu. In ya sauko da hotunan sojoji daga intanet, ya riƙa wuce su da sauri, wa zai gane? Waƙa kuma, muryar mata a coci ai duk kusan ɗaya ce in lasifika na da ƙara. In an wuce Asabar, an sa ranar aure, sai a san yadda za a yi. Ya zauna ya kwaso hotuna sittin ba tare da ya tsaya duba su ɗaya-ɗaya ba, don datarsa na gudu.

Da yamma Keziah ta tare shi a hanyar rijiya.

"Dominic, Baba ya ce kwana biyu bai ji muryar Mama ba. Kullum da safe yake kunnawa, ka sani? Komai lafiya dai?"

Ga ƙofa a buɗe, jama'a, ga ta nan a gabansa. Ya dubi idonta, bakinsa ya motsa, sai tsohon hali ya riga shi.

"Ke dai fara zaɓen ankon biki. Gobe Zuru za ta ga aiki."

Asabar zaure ya cika maƙil. Tsofaffin sojoji sun zo daga Danko, daga Kanya, daga Mahuta, wasu da sanda, wasu da lambobin yabo a ƙirjin babbar riga. Matan zumunta sun jeru da ankonsu a gefe guda. Fasto ya yi addu'a, aka ci shinkafa, sannan aka ce lokacin majigi ya yi.

Dominic ya fito da kwat a cikin zafin nan. Yana haɗa wayoyi sai wata mata mai ɗan lulluɓi ta matso. Malama Munira ce, abokiyar aikin Keziah, ita ke koyar da kwamfuta a makarantarsu.

"Sannu da aiki. In kana son hannu, ga ni."

"Malama, na gode, amma wannan ba Windos ba ce. Kada ki ji ciwo."

Ta ce to, ta koma kujerarta.

Maimakon ya buɗe hotuna kai tsaye, sai da ya karɓi makirfo ya yi wa jama'a bayanin kashi ukun mutanen duniya, har ya nuna Obiora da Mama Magdalene a matsayin misali. Sannan ya ce yanzu za su ga yadda sojojin kwamfuta ke ba da umarni. Ya buɗe baƙin allon nan, majigi ya haska shi a bango, kowane harafi ya kai girman tafin hannu.

Abin da ya manta shi ne, a farkon layin baƙin allo sunan da aka raɗa wa kwamfutar ke fitowa. Shi kuwa ranar Alhamis, cikin haushi, ya raɗa mata suna.

Kofur Bawa na Mahuta, wanda Dominic ya lissafa cikin marasa gani, ya miƙe da sandarsa ya fara karantawa da ƙarfi kamar ɗan aji biyu.

"In-ji-ni-ya... tso-ho... bai... wa-ye... ba. Tsoho bai waye ba! Haggai, wane tsohon ake nufi?"

"Sunan kamfani ne!" in ji Dominic. "Kamfanin ƙasar waje!"

"Kamfanin ƙasar waje da Hausa?"

Ya yi sauri ya buga wani umarni da ya haddace don rubutun ya gusa. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Ya rubuta, bai ga komai ya fito ba. Ya sake rubutawa, shiru. Ya fara dukan madannan da yatsa biyu, sannan da tafin hannu.

Daga can bayan zaure Obiora ya ɗaga murya. "Injiniya! Kashe ka kunna!"

Zaure ya fashe da dariya, har Fasto ya rufe baki da hankici.

Malama Munira ta ce daga inda take, ba tare da ɗaga murya sosai ba, "Ba ta nuna kalmar sirri in ana rubutawa. Rubuta sau ɗaya a hankali, ka danna babban maɓallin."

Ya yi, ta karɓa. "Na sani," in ji shi a makirfo. "Gwada ku nake yi."

Hoton farko ya taimake shi. Wasu sojoji ne baƙaƙe daga nesa a bayan mota. Tsofaffi uku suka miƙe lokaci guda kowa na cewa ga shi can na biyu daga hagu, har aka fara musu. Dominic ya ji ransa ya dawo. Ya danna na gaba.

Turawa ne jajur, sun nutse a ƙanƙara har gwiwa.

"Haggai!" in ji Kofur Bawa. "Yaushe aka yi ƙanƙara a Laberiya? Ni zufa na tuna!"

"Kwas ne ya je," in ji Dominic, ya danna da sauri.

Sai ga mata sojoji sun fi ɗari, farare masu ƙananan idanu, sun ɗaga ƙafa ɗaya a sama.

"A'a! Wannan bataliyar fa? Mu me ya sa ba a tura mu can ba?"

Ya danna. Ƙarti ne masu gemu sanye da siket mai zane-zane, suna busa wata aba kamar salka.

"Sajan, wane ne kai a ciki? Mai jan siket ko mai kore?"

Mata suna ta guɗa, wani tsoho ya yi dariya har haƙoransa na roba suka faɗo a cinya. Sajan Haggai kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya sa tabaransa, ya cire, ya goge, ya mayar. Dominic ya hango fuskarsa, ya ga ba shi da sauran mafita sai waƙa. Ya rufe hotunan ya kunna ta, ya ƙure ƙara.

Piyano ya fara, sannan wasu mata suka ɗauka da wani yare da babu mai jin sa a zauren.

Dariyar ta mutu a hankali, daga layin gaba zuwa na baya. Matan zumunta suka dubi juna. Sajan ya miƙe.

"Kashe."

Ya kashe.

"Ina Rachel?"

Dominic ya buɗe baki. A karon farko tun da ya sauka daga motar Kaduna, babu abin da ya fito.

Malama Munira ce ta taso. Ta jawo tata tsohuwar laftof daga jaka, mai tsagaggen gefe ɗaure da salatif, ta buɗe kusa da ta Sajan. Baƙin allo, farin rubutu. Yatsunta suka yi ta gudu a kai ba hayaniya.

"Ke ma... Linuks ce?" in ji Dominic da wata ƙaramar murya.

"Shekara tara ke nan. Mi ka yi ma wagga kwamfuta? Sau nawa ka ɗora?"

"Ɗaya."

Ta dube shi.

"Uku."

Ta sauke numfashi, ta juya wajen Sajan ta ɗan rusuna. "Baba, an goge komai. Da ran da abin ya faru aka kawo min, da da sauƙi, amma duk ɗorawar da ya sake, taka abin da ya rage ya yi. A ba ni kwana huɗu in gwada. Hotuna wasu za su dawo, in Allah ya so. Waƙar ba zan yi maka alkawari ba. Kuma ba laifin manhajar ba ne, Baba. Sau biyu take tambayar mutum ko ya tabbata kafin ta goge."

Makirfon da ke hannun Dominic a kunne yake, kowa ya ji.

Sajan ya koma ya zauna a hankali, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Sai Keziah ta miƙe daga cikin mata. Ba ta nemi makirfo ba. Ta fara waƙar uwarta da yarensu na C'lela, muryarta na karkarwa a layin farko. A layi na biyu Mama Magdalene ta karɓa, sannan zumunta gaba ɗaya, da tafi da gora. Sajan ya cire tabarau ya bar hawayen suka zubo, bai share ba. Dominic na tsaye a gaba da kwat da waya a hannu, ba wanda ya ce ya zauna, ba wanda ya ce ya fita, ba ma wanda ya kalle shi.

Ranar Laraba Malama Munira ta kawo kwamfutar gidan Sajan. Hotuna ɗari da 'yan kai sun dawo, har da na Zariya da ƙwalƙwalin kai. Waƙar ba ta dawo ba.

Tana fita Dominic na shigowa, ba tabarau, ba jaka, da sabuwar fartanya a kafaɗa, ya riƙe ta a juye. Ya zube a gindin mangwaro.

"Baba, na zo golmo. Damina ɗayar da ka ce."

Sajan bai ɗago ba.

"Uku, Baba, kamar yadda ka yi kafin soja. Bakwai! Na rantse zan yi bakwai, kamar kakanni!"

"Dominic," in ji tsohon, ba faɗa ba tsawa, "ɓarna kowa na yi. Na ga hafsoshi sun yi wadda ta fi taka. Amma kwana uku kana kallon idona, kana kallon idon 'yata, kana cewa komai lafiya. Gonata ba ta neman ma'aikaci. Maganar aure kuwa ba ni zan zauna da kai ba. Ga mai maganar nan."

Keziah ta fito daga ɗaki tana naɗe kwamfutar a cikin zanen uwarta. Dominic ya juyo a gwiwa, ya ƙaƙalo irin murmushin da ke sa ta dariya.

"Keziah, ke dai kin san ni. Ki gaya wa Baba..."

"Na gaya masa tun jiya." Ta ƙulle bakin zanen, ta rungume shi a ƙirji. "Na ce a goge maganar. Shi ma sau biyu ya tambaye ni ko na tabbata, Dominic. Ni na karanta tambayar kafin in amsa."